Lanho da rumbu: karɓar haraji da rabon taimako lokacin yunwa, daga Dakar zuwa ƙasar Dakwaro

1. Gabatarwa

Wanda ya duba taswirar gundumar Dakwaro, cikin jahar Maraɗi, zai ga wata ƙaramar hukuma da aka rubuta sunanta Roumbou bisa ƙa'idar rubutun Faransanci. Ga kunnen Bahaushe sunan ba baƙo ba ne: rumbu ne, wurin ajiyar hatsi. Ƙasar tana kusa da kwarin Tarka, inda noma ke ƙarewa kiwo ya soma, inda kuma dokar ranar 26 ga watan Mayu 1961 ta ja iyakar arewa da ba a yarda a yi gona a ƙetare ta ba. Wuri ne da damina ɗaya in ta ɓaci, sai a ga gindin rumbu tun kafin watan bakwai.

A cikin wannan takarda muna so mu dubi tambaya guda: idan fari ya zo, wa ke ci gaba da karɓar haraji, wa ke da alhakin ba da taimako, kuma me ke faruwa idan waɗannan biyu ba hannu ɗaya ba ne? A ƙasashe masu tsarin tarayya, kamar Najeriya ko Amurka, rigimar takan fito fili, jiha ta kai gwamnatin tsakiya kotu. Nijar ba tarayya ba ce. Amma ta taɓa zama cikin tarayya, wato ta Afirka ta Yamma ta Faransa mai hedikwata a Dakar, kuma a ganinmu yawancin abin da ya faru tsakanin talaka da hukuma a shekarun yunwa ba ya fahimtuwa sai an koma ga yadda aka raba kuɗi tsakanin Dakar da yankunan da ke ƙarƙashinta.

Mu masu nazarin harshe ne, ba masana tarihi ba. Abokan aikinmu na sashen tarihi su yi mana afuwa idan muka shiga gonarsu. Ta ƙofar kalmomi muka shigo, kuma ta nan za mu fara.

2. Kalmomin haraji

Hausa tana da tsofaffin kalmomi na abin da talaka ke ba sarauta: haraji, wanda aka aro daga Larabci, da kuɗin ƙasa, da jangali na dabbobi, da gandu, da zakka wadda addini ya wajabta. Da Faransawa suka zo, sai wata sabuwa ta shigo, wadda Hausawan Najeriya ba su san ta ba: lanho. Asalinta l'impôt ne. Kamar yadda ya faru da lakkwal ko laso, mai ji ya ɗauki harafin l na Faransanci a matsayin wani yanki na kalmar. Sautin p kuwa, da yake babu shi a Hausa, ya koma f, shi kuma f a karin harshen yamma yakan zama h gaban wasalin o. Zabarmawa sun tsaya ga lampo.

Abin lura a nan shi ne, me ya sa aka ari kalma alhali akwai haraji? Harshe ba ya aro don banza. Mu dai muna ganin cewa mutane sun ji a jikinsu wannan abu daban ne. Zakkar hatsi takan shiga rumbun sarki ko na hakimi, ana ganinta da ido, kuma ana sa ran in an shiga matsi a buɗe rumbun. Wannan ita ce hujjar da Michael Watts ya kafa a littafinsa na 1983 game da yunwa a arewacin Najeriya. Kada dai mu wuce gona da iri wurin yabon zamanin da: an yi sarakunan da suka rufe rumbu suka bar mutane da tafasa da jiga, kuma yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 tsakanin Maraɗi da Gobir da Sakkwato su kansu sun haddasa yunwa. Amma ko ba komai akwai wanda za a zarga, ana kuma sanin ƙofar gidansa. Lanho kuwa kuɗi ne, ba hatsi ba. Ana biyansa bisa kan mutum, ba bisa yawan damin da ya samu ba. In ya tafi bariki, ba mai sake ganinsa.

3. Baitulmali biyu

Dokar kasafin kuɗi ta Faransa ta ranar 13 ga watan Afrilu 1900 ta ce kowace ƙasar mallaka ta ɗauki nauyin kanta. Faransa za ta biya sojoji, sauran kuwa, daga albashin kumandan zuwa ginin bariki, sai a nemo su a wurin. Bayan shekara huɗu, dokar ranar 18 ga watan Oktoba 1904 ta kafa babban baitulmalin tarayya a Dakar, ta kuma ba shi kuɗin kwastan, wato na kayan da ke shiga da fita. Da su ake biyan bashi da manyan ayyuka irin su tashoshin jiragen ruwa da layin dogo, kuma daga cikinsu gwamna-janar kan ba wani yanki gudummawa in ya ga dama. Abin da aka bar wa yankuna shi ne harajin kai tsaye: lanho, da jangali, da fatanti na ƴan kasuwa.

Ga Sanagal ko Kodibuwa wannan rabo yana da wani ma'ana, tunda ana gina musu tasha da dogo. Ga Nijar, wadda ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka a 1922, babu teku, kuma har Faransawa suka tafi ko taku ɗaya na dogo ba a shimfiɗa mata ba. Gwamnan Nijar, ko yana Damagaram ko yana Yamai bayan ƙaurar hedikwata a 1926, da kan talaka da bayan saniya yake biyan ma'aikatansa. Idan ya yafe lanho a shekarar fari, ya yanke abincin gidansa ke nan, sannan ya je ya durƙusa a Dakar yana roƙo, abin da ke nuna gazawa ga mai neman ƙarin girma. Kumandan ma haka: da yawan abin da ya tara ake auna ƙwazonsa. Sarkin kanto da mai gari suna da kasonsu cikin abin da aka karɓa. Tun daga sama har ƙasa, babu wanda yafewa ke yi wa amfani.

Akwai kuma wani abu da ya fi komai cutarwa. Ana aza lanho bisa ƙidayar gari, kuma ƙidayar takan yi shekaru ba a sabunta ta ba. Gari ne ke biya, ba mutum ɗaya ɗaya ba. Saboda haka in goma sun mutu, ashirin sun gudu, waɗanda suka saura su za su cika.

4. Shekarar 1931

An riga an ga alama tun yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa suka sa wa suna Kakalaba, ta kuma ci mutane daga Damagaram har Kano. Amma wadda ta bar takardu mafi yawa ita ce ta 1931 a yammacin Nijar, a yankunan Yamai da Doso da Tilaberi. Finn Fuglestad a 1974, da André Salifou a 1975, sannan Boureima Alpha Gado cikin tarihinsa na yunwar Sahel na 1993, duk sun bi waɗannan takardu.

Fara ta cinye amfanin gona a 1930, ruwa kuma bai wadata ba. A daidai lokacin ne tattalin arzikin duniya ya karye, farashin dabbobi da na kayan gona ya faɗi, kuɗin kwastan na Dakar ya ragu. Lanho kuwa an yi ta ƙara shi tun ƙarshen yaƙin duniya na farko. Manomin da ya girbe kaɗan, sai da ya sayar da kaɗan ɗin a kan araha don ya sami kuɗin biya, sannan da bazara ya nemi hatsi a kasuwa da tsada babu. Gwamna Blacher bai sassauta ba. Jami'ansa suka aza laifin bisa manoma, wai ragwaye ne marasa tanadi. Mutane suka watse, wasu zuwa Najeriya, wasu zuwa Kumasi, garuruwa suka zama kufai, aka kuma bi sauran da lanhon matattu da na waɗanda suka gudu. Taimako bai zo ba sai da abu ya riga ya lalace.

Wanda ya tona asirin ba ɗan ƙasa ba ne, ba kuma Dakar ba ce. Sufeto Bernard Sol ne, wanda ma'aikatar ƙasashen mallaka ta aiko daga Faris, ya rubuta rahoton da ya ɗora alhaki bisa hukuma. Wani abin mamaki: gwamna-janar na Dakar a lokacin, Jules Brévié, shi ne ya riƙe Nijar daga 1922 zuwa 1929. Ba za a ce bai san ƙasar ba, ko bai san yadda baitulmalinta ke tsaye bisa wuyan manomi ba.

A nan ne ya kamata mai karatu ya lura da bambancin da ke tsakanin wannan da rigimar jiha da tarayya. Gwamnan Yamai bai yi wa Dakar tawaye ba, domin shi ba zaɓaɓɓe ba ne, ma'aikacinta ne. Turjiyar daga ƙasa ta zo, kuma ba ta da kakaki. Mai gari ya ɓoye mutane ranar ƙidaya. Bafillace ya kora rabin garkensa daji kafin masu jangali su iso. Magidanci ya kwashe iyalinsa da dare.

5. Rumbun tilas da hanyar arewa

Darasin da hukuma ta ɗauka daga 1931 bai taɓa lanho ba. Tunda an yanke cewa rashin tanadi ne ya kashe mutane, sai aka tsananta dokar rumbunan ajiya: kowane gida ya zuba hatsi gwargwadon yawan mutanensa cikin rumbun da ba shi da ikon buɗewa sai da izinin kumandan. Ga kuma kuɗin ƙungiyoyin tanadi, waɗanda aka kafa a tarayyar tun 1910, ana karɓarsu tare da lanho. Wato maganin yunwa ya zama ƙarin haraji biyu, ɗaya na hatsi ɗaya na kuɗi. Bahaushe ya san rumbun tsimi tun kafin Nasara, wanda mai gida ke rufewa sai damina, lokacin da ake buƙatar ƙarfin noma. Amma wannan nasa ne. Na kumandan kuwa, hatsin yakan ruɓe, ko gara ta ci, ko wani mai iko ya ci, kuma ya zama ɗaya daga cikin manyan koke-koken da jam'iyyun siyasa suka ɗauka bayan 1946.

Cikin waɗannan shekaru ne, daga wajen 1920 zuwa 1950, manoma suka yi ta kwararowa daga kudu da yamma, Gobirawa da Katsinawa da Adarawa, suna sarar daji a ƙasar da ta zama Dakwaro, wadda a da yawancinta makiyaya ce ta Buzaye da Fulani. Neman sabuwar gona na cikin dalili, babu shakka. Amma nisa da bariki shi ma dalili ne: inda gardi bai cika zuwa ba, aikin tilas da lanho sun fi sauƙi. Hukuma ta biyo su. A 1947 aka kafa bariki a Dakwaro. Ƙauyuka irin na Rumbu, a bakin iyakar noma, ƴaƴan wannan tafiya ne, kuma tsadar da suka biya ita ce zama a wurin da ruwan sama ba shi da alkawari. An guje wa mai karɓa, an faɗa hannun fari.

6. Ranar da wani yanki ya ce a'a

Turjiya irin ta yanki ga tarayya ta zo daga baya, kuma ba daga matalauta ba. Bayan dokar Defferre ta ranar 23 ga watan Yuni 1956, wadda ta ba kowane yanki gwamnatinsa, tambaya ta tashi ko a bar tarayyar da gwamnati tata a Dakar. Houphouët-Boigny ya ƙi. Kodibuwa, da kofi da kokonta, tana zuba wa baitulmalin Dakar fiye da abin da take samu, kuma ba ta son ta zama saniyar tatsa. Senghor yana son tarayya, Djibo Bakary ma haka. Ga Nijar maganar ba ta ra'ayi ba ce kawai, domin tana cikin masu karɓar gudummawa. Bayan ƙuri'ar raba-gardama ta ranar 28 ga watan Satumba 1958, da faɗuwar gwamnatin Sawaba, tarayyar ta wargaje a 1959. Ƙawancen da ya haɗa Kodibuwa da Nijar da Dahome da Haute-Volta a wannan shekara ya kafa asusun taimakon juna, amma bai kai ya maye gurbin na Dakar ba.

(Kalmar sawaba ita ma ta cancanci a tsaya a kanta. Ma'anarta sauƙi bayan wahala, kuma da ita Klaas van Walraven ya sa wa littafinsa na 2013 suna. Jam'iyyar da ta zaɓi wannan suna ta san abin da talaka ke nema.)

Sakamakon shi ne, Nijar mai ƴanci ta gaji baitulmalin da har yanzu ya dogara sosai ga lanho da jangali da gyaɗa. Claude Raynaut, wanda ya yi dogon bincike a ƙauyukan Maraɗi, ya nuna yadda neman kuɗin lanho ke sa manomi sayar da hatsi da kaka ya sake saye da bazara. Da farin 1968 zuwa 1974 ya zo, an maimaita 1931 da sababbin fuskoki, sai dai wannan karo taimako ya shigo daga waje da yawa, aka kuma yi ta zargin manyan jam'iyya mai mulki da karkatar da shi. Juyin mulkin ranar 15 ga watan Afrilu 1974 da wannan zargi ya kafa hujja. Seyni Kountché ya sa soja rabon hatsi, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 an soke jangali da lanhon gwamnati. Ba tausayi kaɗai ya yi aiki ba. Ma'adinin yuraniyom na Arlit, da aka fara haƙa a 1971, ya ba gwamnati abin da gwamnan 1931 ba shi da shi: wata hanyar kuɗi da ba ta bi ta kan talaka ba.

A ƙetaren iyaka, abin ya bi wata hanya. Tun farkon mulkin Ingila an kafa baitulmalin sarakuna, ana raba haraji tsakaninsu da gwamnati, don haka sarki ma ba ya son a yafe. Sai a 1979 gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali a jihohinsu, da ikon da tsarin tarayya ya ba su, da kuma kason man fetur da ke zuwa daga Legas. A 2021 kuwa jihar Ribas ta kai hukumar harajin tarayya kotu bisa harajin kayan masarufi, ta yi nasara a matakin farko ranar 9 ga watan Agusta, jihar Legas ta bi sahunta. Hujjarsu ita ce ta Houphouët: mu ke tarawa, wasu ke ci. Jihohin da za su yi asara su ne na arewa, masu fama da fari da ambaliya.

7. Shekarar 2005 da takardar iyali

Lanho bai mutu duka ba. An bar harajin gunduma, wanda mai gari ke karɓa, kuma bayan zaɓen ƙananan hukumomi na watan Yuli 2004 ya koma hannun magadan gari. A wancan lokaci, a karkara dala 140 ne bisa kowane baligi. Ƙaramar hukuma irin ta Rumbu, wadda dokar 2002 ta kafa, ta tsinci kanta daidai inda gwamnan 1931 yake: kuɗin kwastan da na ma'adinai suna Yamai, ita kuwa da kan talaka da harajin kasuwa take rayuwa, kuma shekarar da mutane suka fi buƙatarta ita ce shekarar da ba sa iya biya.

Ba a cika shekara ba da zaɓen sai aka gwada ta. Daminar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa da fara. A watan Janairu 2005 gwamnati ta aza harajin kashi 19 cikin ɗari bisa madara da fulawa da sukari da ruwa da lantarki, cikin yarjejeniyarta da Asusun Lamuni na Duniya. Ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa ya fito zanga-zanga a Yamai ranar 15 ga watan Maris, aka rufe kasuwanni a manyan birane, aka kama Nouhou Arzika da abokan gwagwarmayarsa, sannan a watan Afrilu gwamnati ta janye yawancin harajin. Nasara ce, amma ta birni ce. Mutumin Rumbu ba ya shan ruwan famfo, ba shi da lantarki. Abin da ya dame shi shi ne buhun gero da ya doshi jika 30 da damina, alhali hukuma ta nace bisa sayar da hatsi da rangwame ga mutanen da ba su da ko kuɗin rangwamen. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiya a Dakwaro, kuma a faɗin ƙasar ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a wannan shekara. Rabon kyauta bai kankama ba sai watan Agusta, watan da Shugaba Tandja ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a ƙasarsa.

Da aka zo rabon, sai aka buƙaci jerin sunaye. A wurare da yawa jerin da ke akwai shi ne na haraji, wato takardar iyali da ƙidayar mai gari. Binciken da cibiyar LASDEL ta yi a ƙauyuka ƙarƙashin jagorancin Jean-Pierre Olivier de Sardan ya nuna abin da ya biyo baya. Magidancin da ya rage yawan iyalinsa a takarda don gudun haraji, kamar yadda ya ga ubansa da kakansa sun yi tun zamanin kumandan, ya sami kason da bai kai bakunan gidansa ba. Wanda ya yi ƙaura bai canza rajista ba, hatsinsa ya sauka a garin da ya baro. Daga nan mutane suka fara neman a rubuta su, gida ɗaya ya rabu biyu a takarda, aka fito da ƴaƴan da aka daɗe ana ɓoyewa.

Majalisun da aka zaɓa an rushe su a watan Afrilu 2024, aka naɗa kantomomi a madadinsu. Ga ɗalibanmu da za su fita bincike ƙasar Dakwaro, muna ba da shawara su tambayi tsofaffi sunan da suke kiran wannan takarda da shi, ta lanho ce ko ta taimako, su kuma rubuta shekarun mai ba da amsar da garin da iyayensa suka fito.